Wayon tsohuwar barewa

A arewacin Dakwaro, in an wuce kwarin Tarka, gonaki sukan fara raguwa, daji ya buɗe. Ƙasar makiyaya ke nan. Akwai tuddan rairayi, da ciyawa, da itatuwa jefi-jefi irin su aduwa, kandili, magarya da anza. Can ne dajin Gadabeji yake, wajen Bermo. A cikin wannan daji har yanzu akwai barewa. Amma mutum yana iya yini yana yawo bai ga ko guda ba. In ma ya yi sa'a ya gani, sau da yawa ƙanana ne. Manyan da suka kwana biyu a duniya ba su cika yarda a gan su ba. Sawunsu kawai ake tararwa bisa rairayi da safe, da kashinsu a gindin itace.

Barewar da ta ga damana biyar ko shida ta san dajin fiye da wanda ke nemanta. Wayonta abin sha'awa ne, kuma ya kamata kowane ɗan makaranta ya san shi. Sai dai wannan wayo yana da iyaka. Ya isa ya tsare ta daga dila, da kare, da mai kwari da baka. Bai isa ya tsare ta daga mota da babur da fitilar dare ba. Saboda haka yau ran barewa yana hannun mutane. In sun bar ta, za ta rayu. In sun ci gaba da binta da mota, za ta ƙare kamar yadda waɗansu namun daji suka ƙare a wannan ƙasa.

Wace ce barewa?

Barewa dangin akuya da tunkiya ce wajen halitta. Kofatonta a rabe yake biyu, tana tuƙa, tana da ƙaho. A ƙasar Dakwaro an san iri biyu. Akwai ƙarama mai launin rairayi, wadda ta fi son arewa, inda ruwa ya yi ƙaranci. Tsayinta daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 55 zuwa 65 ne, nauyinta kuwa kilo 15 zuwa 20. Akwai kuma mai jan goshi, wadda ta ɗan fi ta girma, mai siririn baƙin zane a haƙarƙari. Ita ta fi son wurin da ke da ciyawa da ƴan itatuwa.

A Turai da Amurka akwai waɗansu namun daji masu kama da barewa, waɗanda mahalban can ke nema ƙwarai. Ƙahonsu dabam ne da nata. Yana da rassa kamar itace, yawanci namiji ne ke da shi, kuma kowace shekara yakan faɗi, wani sabo ya tsiro. Ƙahon barewa ba ya faɗuwa. Namiji da mace duka suna da shi, amma na namiji ya fi kauri, kuma zobban da ke kewaye da shi sun fi fitowa. Da ƙaho da girman jiki mahalbi ke gane babba daga yaro.

Ko da ƙahonsu ya bambanta, halinsu ɗaya ne a gaban mahalbi. A Kanada ko a Gadabeji, yaro ne ke saurin faɗawa hannu. Babba yakan ɓace kamar ƙasa ta haɗiye shi.

Yadda take ɓuya

Abu na farko shi ne launin jikinta. Bayanta ja-ja ne kamar rairayi da busasshiyar ciyawa, cikinta kuwa fari. Rana tana haska baya, inuwa tana rufe ciki, sai jikin duka ya zama kamar launi guda. In ta tsaya cik a gindin kandili, ido yakan wuce ta bai sani ba. Motsi ne ke tona asirin dabba a daji. Ƙaramar barewa da ta ji ƙara takan zabura ta yi tsalle, kowa ya gan ta. Babba takan daskare wuri guda, ta saurara, sai ta gane inda ƙarar ta fito kana ta motsa.

Na biyu, idanu da kunnuwa da hanci. Idanun barewa a gefen kai suke, don haka tana ganin gaba da gefe da kusan bayanta ba tare da ta juya ba. Kunnuwanta dogaye ne, kowane yana juyawa shi kaɗai. Hancinta yana ɗaukar warin mutum, da na kare, da na hayaƙi, in iska ta kawo shi. Mahalba a ƙasashe da yawa sun lura da yadda irin waɗannan dabbobi ke kwanciya. Sukan ba iska baya, su fuskanci inda take tafiya. Abin da ya taho ta baya, hanci ya ji shi. Abin da ya taho ta gaba, ido ya gan shi.

Na uku, lokaci. Barewa takan yi kiwo da sassafe da kuma yamma. In rana ta take, sai ta nemi inuwa. Tana cin abinci da sauri, ta haɗiye, sa'an nan ta koma maɓoya ta kwanta tana tuƙa. Ta haka ba ta daɗewa a fili. A wurin da aka matsa mata da halbi, takan mai da kiwonta dare, ta yini a kwance.

Na huɗu, ruwa. Kowane mahalbi ya san bakin tabki shi ne wurin kwanto, don duk mai rai yana zuwa shan ruwa. Amma ƙaramar barewa ta arewa tana iya yin watanni ba ta sha ba. Ruwan da ke cikin ganye, da furanni, da ƴaƴan itatuwa, da raɓar safiya, ya ishe ta. Jikinta kuma ba ya ɓarnar ruwa: fitsarinta kaɗan ne, kashinta busasshe. In ta samu ruwa takan sha, in ba ta samu ba ta haƙura. Mahalbi yana iya kwana bakwai a bakin tabki yana jira, ita tana can nesa tana cin ƴaƴan kandili.

Na biyar shi ne gudu, kuma sai sauran dabaru sun ƙare take yinsa. Barewa tana iya gudun kilomita 80 a awa guda, na ɗan lokaci. Wani lokaci kafin ta ruga takan yi tsalle sama da ƙafafu huɗu a miƙe. Wannan tsalle yana gargaɗin sauran garke, yana kuma nuna ma maƙiyi cewa an gan shi. Gudu yana cin ƙarfi, yana kawo zafi da ƙishirwa. Babbar barewa ta san haka. Ta fi so ta sulale tun da nisa, ta sa tudu tsakaninta da mai nemanta, ta bi kwari ta tafi a hankali.

Uwa da ɗanta

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Gaskiya ne, amma ba ranar da aka haife shi yake fara gudu tare da garke ba. Barewa tana ɗaukar ciki wajen wata 6, kuma yawanci ɗa guda take haifa. Bayan haihuwa takan lashe shi tas, ta bar shi kwance cikin ciyawa ko a gindin wani ƙaramin itace. Ita kuwa sai ta yi nisa da wurin, tana kiwo tana kallo. Takan komo lokaci-lokaci ta ba shi nono, ta lashe fitsarinsa da kashinsa don kada wari ya jawo dila. Ɗan yakan yi kwanaki da yawa a haka. Ya lafe, ya kwantar da kunnuwa, ba ya motsi ko da an zo kusa da shi.

A nan ne yara masu kiwo ke yin babban kuskure. Yaro ya tarar da ɗan barewa kwance shi kaɗai, sai ya ce uwarsa ta yashe shi, ko ta mutu. Ya ɗauke shi ya kai gida. Alhali uwar tana nan kusa, tana jiran yaron ya wuce. Ɗan barewar da aka raba da uwarsa sau da yawa mutuwa yake yi, don hannun mutum bai san yadda ake renonsa ba. Wanda ya rayu kuma sai a sai da shi, ya ƙare ɗaure cikin gidan wani mai kuɗi a birni. Ba zai haihu a daji ba, ba zai koyi komi daga uwarsa ba. A wurin daji, daidai yake da wanda aka yanka.

Wayo koyonsa ake yi

Launi da gudu da ido, da su aka haifi barewa. Amma sanin wurin da ke da haɗari, da lokacin da ya kamata a ɓuya, wannan da shekaru ake samunsa. Masu bincike sun tabbatar da haka a kan dabbobi masu kama da ita.

A yammacin ƙasar Kanada akwai wata babbar dabba mai ƙaho da rassa, wadda girmanta ya kusa na ƙaramar saniya. Masana sun kama mata 49, suka ɗaura ma kowace wani abin wuya mai na'ura da ke nuna inda take. Suka bi su shekaru, suka bayyana abin da suka gano a shekara ta 2017. Sun ga cewa in dabbar tana ƙara shekaru, tana rage yawo lokacin farauta. Tana ƙara shiga kurmi da wuraren duwatsu masu wuyar hawa, musamman in tana kusa da hanyar mota. Wadda ta kai shekara 9 ko 10, da ƙyar mahalbi ke iya samunta.

A shekara ta 2018 kuma waɗansu masana a Amurka sun tattara binciken da aka yi a kan namun daji iri 62 a nahiyoyi 6. Sun gano cewa inda mutane suka dami dabbobi, dabbobin sukan koma harkar dare. Wadda ta saba raba harkarta biyu, rabi da rana rabi da dare, sai ta mai da kashi 68 cikin 100 zuwa dare.

Wannan ya nuna darajar tsohuwar dabba cikin garke. Ita ta san inda ciyawa ke fara tsirowa in damana ta faɗi. Ita ta san aduwar da ke da inuwa a bazara, da kwarin da ake bi a kauce ma mutane. Ƙanana suna binta, suna kallon abin da take yi. In ta ɗaga kai, su ɗaga. In ta sulale, su bi ta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Wanda ya kashe tsohuwar barewa ya kashe malamar garke.

Mahalbin gargajiya

Tun kaka da kakanni ana farauta a ƙasar Hausa. Mahalba suna da shugabanninsu, irin su Sarkin Baka, suna da ƙa'idodinsu. Sun san wayon barewa, don haka su ma suka nemi nasu wayon.

Dabarar da ta fi shahara ita ce ta burtu. Burtu babban tsuntsu ne baƙi, mai dogon baki, wanda ke tafiya a ƙasa yana neman ƙwari da ƙadangaru. Namun daji sun saba da shi, ba su gudunsa. Sai mahalbi ya shirya kan burtu da wuyansa, ya ɗaura a goshi. Ya lulluɓa baƙin tufa, ya durƙusa, ya riƙa rarrafe cikin ciyawa yana kaɗa kai kamar tsuntsu mai tsince-tsince. Kafin ya fara, sai ya watsa ƙura ko toka ya ga inda iska ta nufa, don kada ta kai warinsa. Yana iya yin rabin yini yana matsowa, ƙarangiya tana cin gwiwoyinsa, rana tana dukansa. In ya yi kuskure kaɗan, barewa ta tafi, ya koma gida hannu banza.

Irin wannan farauta gasa ce tsakanin wayo biyu. Wata rana mahalbi ya yi nasara, kwanaki da yawa barewa ta yi. Kibiya ba ta da nisa, kuma guda take kayarwa. Mutum a ƙafa ba ya iya ɗaukar fiye da abin da kafaɗarsa za ta ɗauka. Shi ya sa aka yi ɗaruruwan shekaru ana farauta, daji bai rasa nama ba.

Inda wayo ya ƙare

Da bindigar zamani da mota suka shigo daji, sai gasar ta lalace. Barewa ta fi mota saurin tashi, amma mota ba ta gajiya. A fili irin na arewacin Dakwaro babu kurmin shiga, babu dutsen hawa. Ana bin ta har numfashinta ya ƙare, ta faɗi. Wadda ta kuɓuta ma wani lokaci takan mutu daga baya, don gudun da ya wuce kima yana lalata naman jikinta da zuciyarta. Mai ciki takan zubar. Babur kuwa ya fi mota ɓarna, don yana da arha, kuma yana shiga inda mota ba ta shiga.

Dare ma da barewa ta fake da shi ya daina tsaronta. Idanunta suna ƙyalli in haske ya same su, har a hango su daga nesa. In an dalla mata fitila mai ƙarfi sai ta ruɗe ta tsaya. Tsayawa cik da ke cetonta da rana, shi ke kashe ta da dare. A gaban fitila, tsohuwa da yarinya duka ɗaya ne.

Ga ɗan lissafi. A ɗauka garke yana da bareyi 20, mata 10 a ciki. In shekara ta yi kyau, a samu ƴaƴa 10. Dila da gaggafa da rani za su ci waɗansu, wataƙila 5 su girma. Mai burtu da ya kashe 2 ko 3 a shekara bai rage garken ba. Amma mota guda tana iya kashe 10 a dare guda. In ta komo sau biyu, garken ya ƙare.

Wannan ya riga ya faru ga waɗansu. A dā akwai mariri a wannan ƙasa, babbar dabba fara mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu kamar takobi. Garke-garke take yawo daga nan har Cadi. Halbi da mota, da yawaitar rijiyoyi da dabbobin gida a wuraren kiwonta, da farin 1973 da na 1984, suka haɗu a kanta. A shekara ta 2000 ƙungiyar duniya mai kula da halittu, UICN, ta bayyana cewa babu sauran mariri a daji ko'ina, sai a gidajen ajiyar namun daji. Sai a 2016 aka fara komo da ita dajin Cadi daga waɗanda aka rena a Abu Dabi, da jirgin sama da kuɗi masu yawa. Babbar barewa mai dogon wuya da farin gindi, wadda masana ke kira dama, ita ma ta ɓace daga ƙasar Dakwaro. A Nijar ƴan kaɗan suka rage, can cikin duwatsun Abzin da Termit. Raƙumin dawa ma ya yi wajen shekara 50 ba a gan shi a Gadabeji ba. Dukansu suna da nasu wayon, amma bai cece su ba.

Abin da waɗansu ke cewa

Akwai masu cewa naman daji halal ne, kuma kakanni sun ci, don me za a hana jikoki? Babu mai musun cewa halal ne. Amma halal bai ba kowa izinin ɓarna ba. Kakanni da ƙafa suka yi farauta, suka bar ma na baya abin da za su tarar. Wanda ke son gadon kakanninsa, sai ya gaji haƙurinsu da ƙa'idarsu tare. Korar dabba da mota har ta faɗi ba ya bukatar sanin sawu ko sanin iska. Duk wanda ke da kuɗin mai yana iya yinsa. Bai cancanci sunan mahalbi ba.

Akwai masu cewa talauci ne ke sa mutane halbi. Talauci gaskiya ne, kuma wanda bai san yunwa ba kada ya yi ma mai jinta dariya. Amma a duba da kyau. Ƙaramar barewa duka-duka kilo 20 ce, da ƙashi da fata da kayan ciki. Naman da ke jikinta bai fi na akuya guda ba. Ba ta iya ciyar da gari. Kuma mai shiga daji da mota da bindiga mai tsada ba yunwa ta kai shi ba. Nishaɗi ne, ko ciniki, ko neman suna. Talaka da ke zaune kusa da dajin shi ke asara, don abin da aka kwashe na ƙasarsa ne.

Makiyaya kuma suna da nasu kuka. Sukan ce an keɓe daji don namun dawa, alhali shanunsu da raƙumansu suna bukatar ciyawa, ga gonaki suna ta hawowa daga kudu. Wannan kuka ne da ya kamata a saurara. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa don a bar ma makiyaya wurin kiwo, amma gonaki sun ƙetare ta a wurare da yawa. Sai dai barewa ba ita ce ta ƙuntata ma makiyayi ba. Abin da take ci kaɗan ne. Abin da ke cutar ta shi ke cutar shi: gobarar daji da ke cinye ciyawa bayan kaka, da saran itatuwa, da ƙarancin wurin kiwo. Fulani da Buzaye sun zauna tare da barewa tun zamani mai nisa. Su ne kullum cikin daji, su ke fara ganin sawun motar da ba ta da dalilin shiga. Tsaron da aka shirya ba da shawararsu ba, ba zai yi ƙarko ba.

Doka da dajin Gadabeji

An keɓe dajin Gadabeji a shekara ta 1955, shekara 5 kafin Nijar ta samu mulkin kai. Faɗinsa hekta 76.000 ne, kuma an hana farauta a cikinsa gaba ɗaya. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren duniya da ake son mutane da halittu su rayu tare, aka haɗa da ƙasar kiwon da ke kewaye da shi. A ƙarshen 2018 an ɗauko raƙuman dawa 8 daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su a mota, aka sake su a Gadabeji. An ƙaro 4 a 2022. Raƙuman dawan Nijar su ne misalin abin da tsaro ke iya yi. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Da aka daina kashe su, kafin 2018 sun wuce 600.

Nijar tana da dokar farauta, mai lamba 98-07, ta shekarar 1998. Ta hana farauta da mota ko babur. Ta hana farautar dare. Ta hana amfani da guba, da kunna wuta don korar namun daji. Ta hana farauta in ba cikin lokacin da hukuma ta buɗe ba. Dokar tana da kyau, amma takarda ba ta tare harsashi. Daji yana da faɗi, ma'aikatan ruwa da gandun daji ba su iya zama ko'ina. Kuma doka ba ta da kwarjini sai in ta hau kan kowa. In an kama talaka da tarkon zomo, aka ƙyale babban mutum da mota cike da bareyi, mutane za su daina ganin girmanta. Ya kamata hukuma, da sarakunan gargajiya, da shugabannin mahalba, da ardon Fulani da shugabannin Buzaye su zama baki ɗaya a kan wannan. Ya kamata kuma a riƙa ɗaukar ƴan ƙasar aikin tsaron dajin, musamman tsofaffin mahalba, don babu wanda ya fi su karanta sawu.

Rabon ƴan makaranta

Yaro ba ya kama mai bindiga, kuma ba a so ya gwada. Amma yana da aikin da zai iya. In ya tarar da ɗan barewa kwance, ya wuce abinsa, kada ya taɓa shi, ya janye karensa da dabbobinsa daga wurin. In ya hura wuta a wurin kiwo, ya kashe ta sarai da ƙasa kafin ya tashi. In ya ga fitilar mota tana yawo cikin daji da dare, ya gaya ma mahaifinsa ko malaminsa, su kuma su sanar da mai gari. In an kawo ɗan barewa kasuwa, ya roƙi na gidansu kada su saya, don mai saye ne ke aika mai kamu daji.

Akwai kuma aikin da makaranta ta fi kowa iyawa. A garuruwa da rugage akwai tsofaffin da suka ga mariri da idonsu, suka san sunan kowace ciyawa da sawun kowace dabba. Ya kamata ƴan makaranta su je su gaishe su, su tambaye su, su rubuta abin da suka ji da Hausa, su kuma fassara shi da Faransanci. Su ma tsofaffin nan kamar tsohuwar barewa suke: in sun tafi ba a koya daga gare su ba, sanin ya tafi.

Barewa ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta koyi zama cik, ta koyi karanta iska, ta haƙura da ruwa, ta bar rana ta koma dare. Babu wata dabara da ta rage mata. Yaran da ke aji yau su ne gobe za su zama makiyaya, da direbobi, da sojoji, da masu gari, da ma'aikatan gandun daji. Waɗansu za su riƙe bindiga, waɗansu za su riƙe sitiyari. Ranar da ɗayansu ya hango barewa bisa tudu a ƙasar Dakwaro, abin da ake fata shi ne ya tsaya ya kalle ta, ya bar ta ta tafi.